Ciyawar Bayan Masallaci

To, sannunku da zuwa, manyan attajiran gobe. Ku zauna a bencin nan, amma kai mai jar hula janye ƙafarka daga bakin akurkin, ba sa cin takalmi. Na san abin da ya kawo ku. Kun gani a waya wai kiwon ɓeran Masar ba shi da wata wahala: ka sayi mace da namiji, ka jefa musu ɓawon kankana, ka koma ka miƙe ƙafa, su yi ta haihuwa kai kana ta barci. Madalla da wannan waya. Da ta zo tun ina saurayi, ai da bayana bai ranƙwafa haka ba.

Sunana Sale, amma in kuka je kasuwar Karaye ko ta Rogo kuka ce Sale kawai, za a tara muku jama'a. Sai kun ce Sale Mai Ɓera. Sa'annina sun zama Mai Shanu, Mai Gyaɗa, Mai Inji, ni kuwa ɓera ne rabona. Kuma a hannun mace na koya, yayar mahaifina, Gwaggo Tabawa, a ƙauyenmu can gefen Fulatan. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da tabarmarta, da butarta, da kwando cike da waɗansu halittu farare masu gashi a hargitse kamar yanzu aka tashe su daga barci. Marigayin ne ya kawo mata mace da namiji daga Zariya tun tana amarya, ta riƙe irin, bai taɓa yankewa ba. Innata ta leƙa kwandon ta ce, "Yaya, mu da muke cigiyar mage, ke kuma kin kwaso mana ɓeraye?" Gwaggo ta ce ai na Masar ne. Inna ta ce ko na Makka ne, ɓera dai ɓera ne. Daga ranar ba su ƙara jituwa a kan maganar ba.

Yankan ciyawa shi ne karatun farko, kuma na fi shekara ban wuce shi ba. Kuna dariya? Gwaggo za ta miƙo min lauje da buhu ta ce, "Baba, jeka." Sunan mahaifinta na ci, don haka Baba take ce min ko da zagina za ta yi. Ba a yanka da raɓa a jiki, cikinsu ne zai kumbura. Ba a yanka inda shanu suka yi fitsari. Ba a yanka a gefen gonar audugar da aka yi wa feshi, kuma ko da wasa ba a haɗawa da gyauron dawa, wanda ko akuya ta ci sai an nemo wuƙa. In na dawo da buhu maƙil ina taƙama, sai ta cusa hancinta ciki, ta ɗago, ta zazzage shi gaban jakin gidanmu. "Baba, Allah ya yi maka albarka, ka yi wa jaki aiki. Koma ka yi wa nawa." Jakin nan ya yi ƙiba a kaina ba kaɗan ba.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Lauje, buhu, tsintsiya, tokar murhu ta barbaɗawa a ƙasa bayan shara, sai fasassun tukwane da ake kifewa su shige ciki, domin ɓeran Masar in bai da wurin ɓuya tsoro kaɗai ya isa ya kashe shi. Da bazara kuma a kai su gindin randa, inda yashi yake da danshi. Ɗauka ma sai an koya. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu. Kai kuwa da na ga kana miƙa hannu wajen kunnensa ɗazu, wannan ba zomo ba ne, kunnen za ka tsinke ka bar mai shi a ƙasa.

Ranar kasuwa nakan jera su a kwando, in rufe da jiƙaƙƙen tsumma, in ɗaure a bayan keke. Masu saye iri-iri ne. Akwai uban da ɗiyarsa ta hana shi sakat da kuka, akwai tsohuwar da ɗaki ya yi mata faɗi, akwai malamin firamare mai son nuna wa 'yan ajinsa. Waɗannan ba ni da matsala da su. Amma wata mata ta taɓa aiko min da nata har Karaye, wai in ji tsoron Allah in mayar masa da wutsiyar da na yanke. Na rantse haka Allah ya halicce shi, ta aiko cewa ita ba yarinya ba ce. Wani mutumin Falgore ya ji an ce suna korar ɓerayen gida, ya sayi biyu ya jefa a rumbu su yi masa gadi. Sun yi gadin kuwa, tare da ɓerayen suka zauna aka ci geron cikin zumunci. Wani Alhaji a Rogo ya ga tukwanena ya ce wannan ƙauyanci ne, ya sa aka ƙera wa na 'ya'yansa gida na kwano fes, har da fenti, aka kafa a tsakar gida ana tsakiyar zafi. Bai kai la'asar ba ya aiko a tambaye ni ko ina sayar da marasa lafiya ne.

Ana cikin haka idon Gwaggo ya fara tafiya, har ya tafi gaba ɗaya. Aiki ya dawo hannuna, amma mulki yana nan a hannunta, don da kunne take duba ni. Kun ji yadda suka ɗauki fito ɗazu da na taɓa buhun nan? To, haka suke yi, da sun ji motsin ciyawa sai ɗaki ya kaure. A ɗakinta suke kwana, kuma ta san muryar kowanne. Da fitonsu take sanin gari ya waye, da shi take sanin na dawo. Wata rana ta kamo gefen rigata ta ce, "Baba, ido ya tafi, ban yi ƙorafi ba. Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka bari in wayi gari in ji ɗakin nan shiru." Na ce haba Gwaggo, abin da yake haihuwa kamar me, ina zai ƙare? Kun ji, ni ma na taɓa yin irin hankalinku.

Sai ga shekarar nan, zamanin da ake layin sabulu da madara soja na tsaye da bulala. Ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba. Kafin tsakiyar rani fadama ta tsage, shanu sun kwashe duk wani abu mai launin kore, har ganyen bishiya an sassabe musu. Na ce to, mu jikokin masu kiwo ne, me ake ba tumaki da rani? Harawa da dusa. Na tara harawar gyaɗa mai kyau, na jiƙa dusa, na ce an gama. Suka ci, suka ci, sannan suka fara jan ƙafafun baya. Ka buɗe bakin ɗaya ka ga dasashi yana jini. Ga abinci a gabansa, ga yunwa, amma ya kasa tauna. Kuma wanda ciwon ya kama, abin da yake fara bari shi ne fito.

Masu ba da shawara kuwa ba su yi fari ba, su kam sun yi yabanya a shekarar. Wannan ya ce a jiƙa kanwa, wancan ya ce a turara musu barkono. Maƙwabcinmu Baffa Jaɓɓi, wanda ya san saniya fiye da yadda ya san 'ya'yansa, ya juya ɗaya a tafin hannunsa, ya duba haƙori, ya ce ciwon ƙafa ne, a sa ƙarfe a wuta a yi masa lalas a cinya. Na ce, "Baffa, nuna min cinyar tukuna." Gwaggo tana jin mu daga ɗaki ta ɗaga murya. "Ku bar min dabbobi, ba shanu ba ne. Ɗanye suke so. Ko ganye ɗaya ne a wuni, in dai ɗanye ne, za su tashi." Ɗanye! A shekarar da ko miyar gidanmu ta manta kamannin ɗanyen ganye.

Na yi yawo har tayar keke ta suɗe, ban samo abin kirki ba. Ran nan na tsaya sallar azahar a masallacin unguwarmu, na zaga baya, sai na yi turus. Inda ruwan alwala yake gangarewa ta rariya ya bi gindin katanga, ga kiri-kiri nan kore shar, wuri bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Shekara da shekaru ina wucewa ta wajen ban taɓa kallonsa ba. Kuma ruwan alwala ba sabulu a cikinsa, ba kamar na rariyar wanka ba. Na zaro lauje ke nan sai na ji gyaran murya. Malam Buba ladan ne, riƙe da igiyar ragonsa.

"Sale, lafiya?"

"Lafiya lau, Allah gafarta Malam. 'Yar ciyawa zan ɗan diba."

"Ciyawar masallaci?"

"Ta bayan masallaci dai."

"To, bayan ma yana da mai shi," ya ce, ya dubi ragon, ragon ya dube ni.

Muka yi ciniki a tsaye. Jan ruwan masallaci aikinsa ne, kuma ya ishe shi. Ni zan riƙa ja daga rijiya, in cika randa, in jera butoci kafin kowace salla. Shi kuma ya ja layi da ƙafarsa, rabi na rago, rabi nawa. A nawa rabin na ƙara dasa 'yan guntayen yaɗon dankali da na roƙo wajen wani mai lambun da ya riga ya haƙura da lambunsa.

Ku zo ku ga ibada! Ni da ake taso ni da ƙyar, na koma ina riga ladan zuwa. Gari ya ɗauka Sale Mai Ɓera ya shiryu. Dattawa suna sa min albarka, wani har ya fara ce min Malam. Ni kuwa ina tsugune gefen masu alwala, idona yana kan rariya. Akwai wani Alhaji Tanimu da yake alwala da ruwan da bai isa wanke cokali ba, mutumin nan ya tsaya min a rai. Sai in matso da ladabi in ce, "Baba Alhaji, kamar gwiwar hannun nan ba ta jiƙu ba." Ya ƙara. "Diddigen ma, Baba, an ce a kula da shi." Ya ƙara, yana cewa Allah ya yi wa yaron nan albarka. Liman da kansa ya yaba min a gaban jama'a. Ɓerayen da suka rage suka miƙe, fito ya dawo ɗakin Gwaggo, ta ce, "Baba, ashe kana da amfani."

Sai rijiya ta fara ja da baya. Na ƙara igiya, na kuma ƙarawa, guga ya koma fitowa da rabin laka. Mata suka fara faɗa a bakin rijiya, kuma da gaskiyarsu. Ran wata Juma'a liman ya juyo bayan sallama ya ce jama'a, addini bai zo da ƙunci ba. Ruwan da ya rage na sha ne da girki. Wanda bai da abin da ya wuce na shansa, ya dafa ƙasa mai tsarki ya yi taimama, sallarsa ta yi. Kowa ya ce alhamdu lillahi, an samu sauƙi. Ni kaɗai na tashi daga sahu kamar an aiko min da rasuwa. Gaskiya dai liman ya faɗa. Kafin mako ya zagayo rariya ta bushe ƙayau, ragon Malam Buba ya manta da layin da aka ja, ya bi rabona har saiwa. Da ƙyar na ƙwaci 'yan sandunan dankali daga bakinsa.

Daga nan kullum sai na fitar da gawa daga ɗakin Gwaggo, kuma ba damar ɓoyewa. Ina shiga da buhu za ta karkata kai ta saurara ta ce, "Ban ji Mai Kunne ba." Kowannensu da sunan da ta raɗa masa. Gobe ta ce, "Ɗan Gata ma ya tafi ko?" Wallahi na gwammace ta zage ni. Har aka wayi gari saura mace guda, wadda take kira Magajiya. Namijin ƙarshe ya bar ta da ciki kafin ya bi sauran. Cikinsu kuwa ba irin na zomo ba ne, sai ya haura wata biyu, ga bazara ta kankama, hadari ko alamarsa babu. In Magajiya ta mutu, irin da aka riƙe tun Gwaggo tana amarya ya ƙare a hannuna.

A lokacin ruwan gidanmu daga wata rijiya mai zurfi nake ɗauko shi, can hanyar Rogo Sabon Gari, garwa biyu a keke, in fita da sassafe, in yi layi, in dawo da yamma. Inna ce mai rabo. Ta ware na girki, sauran ta auna wa kowa a butarsa, ko ka sha ko ka yi abin da ka ga dama, babu ƙari. Gwaggo ta ce in samo kasko in cika da ƙasa, in dasa sandunan dankalin nan, in ajiye mata a bakin ƙofa inda rana take ɗan taɓawa. Na ce da wane ruwan? Ta ce in yi abin da aka sa ni.

Ran nan ina gida, da azahar ta lalubo kaskon, ta jawo shi gabanta, ta ɗauki butarta ta yi alwala a kansa, kowane ɗigo ya sauka cikin ƙasar. Haka da la'asar, haka kowace salla. Na ce, "Gwaggo, liman fa ya ce a yi taimama."

"Ya ce wanda ba shi da ruwa. Ni ina da shi."

"Na sha ne ai."

"Ina kurkure baki, ya ishe ni."

Na ce to a riƙa zubawa daga nawa. Ta ce ko kusa. "Kai ne jakin gidan nan yanzu. In ka faɗi a hanya, duk mun mutu har da Magajiya."

Dankali ya yi toho. Kullum ta laluba ta tsinki ganye biyu ko uku, ta haɗa wa Magajiya da harawa. Magajiya ba ta ja ƙafa ba, cikinta yana ta faɗi, amma ta daina fito, ko nauyi ne ko kaɗaici, oho. Ɗakin ya yi tsit, abin da aka roƙe ni kada in bari. Ita kuma Gwaggo ta fara bushewa a kan idonmu. Leɓenta ya tsattsage, muryarta ta dushe, in ta tashi sai ta dafa bango. Inna ta tare ni a zaure ta wanke ni tas. "Kai da ita duk ba ku da hankali. Za ku kashe tsohuwa saboda ɓera, a ce a gidana aka hana ta ruwa? Je ka ɗauke kaskon nan ko in fasa shi." Tsoro ya kama ni sosai, don na ga abin da Inna ta gani. Na shiga a hankali na sunkuya zan ɗauka, sai na ji sanda a kan hannuna. Makauniya ce fa, amma ba ta kuskure ba. "Baba, in ka ɗaga shi, ka haɗa da ni ka fitar." Na ajiye. Inna ta yi kwana da kwanaki ba ta yi wa ɗayanmu magana ba, sai dai ta dire buta ta wuce.

Wata yamma na dawo da garewani, ko saukewa ban gama ba na ji Gwaggo tana kira da 'yar muryar da ta rage mata. Na shiga na tarar da ita zaune, zaninta a buɗe a cinya. Magajiya ta sauka. Uku ta haifa, ɗaya bai zo da rai ba. Ku da ba ku taɓa gani ba, ɗan ɓeran Masar da gashinsa yake faɗowa, ido a buɗe, haƙori a baki, kafin ka juya ya fara gudu. Biyun nan farare ne, gashi a hargitse. Gwaggo ta juya su ɗaya bayan ɗaya tana shafawa da ɗan yatsa. "Mace," ta ce. Ta daɗe a kan na biyun. "Namiji."

Ta miƙa hannu ta tsinko ganye daga kasko. Ƙarar tsinkewar ke nan sai Magajiya ta ɗaga kai ta saki fito, siriri, irin na wanda ya daɗe bai yi magana ba, 'ya'yan suka amsa da tsuwa. Gwaggo ta yi dariya har leɓenta ya fashe, jini ya fito. Ni dai na zauna a ƙasa kusa da ita.

Ba ta bar ni na huta ba. Ta shafa kaskon ta ji saura 'yan ganye ƙalilan, ta ce, "Baba, baki ya ƙaru. Nemo kasko na biyu."

Na ce, "Gwaggo, ɗayan ma ya kusa kai ki kabari. Ruwan wa za a zuba a na biyun?"

"Nawa mana. Na wa kake so?"

Ashe Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Ta ja dogon tsaki ta juya, na ce shi ke nan, taɓarya za ta ɗauko. Sai ga ta ta dawo da butarta a hannu ɗaya, gindin fasasshiyar tukunyar miyarta a ɗayan. Ta dire shi, ta watsa ƙasa ciki, ta karyi reshen dankali ta cusa ba ko lallashi. Ta jawo tsohon kaskon ma ta haɗa su gabanta, ta tsuguna, ta naɗe hannun riga, ta yi bisimilla, ta fara alwalar magariba a kansu. Ba ta dubi kowa ba sai da ta wanke ƙafa. Sannan ta ɗauki butar Gwaggo ta danƙa mata a hannu.

"Ungo, Yaya. Shanye shi tas ina kallo, kuma daga yau taimama za ki yi kamar kowa. Ki mutu saboda ɓera, da wane ruwan zan yi miki wanka?"